Hanjin Ɗan Maraƙi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da matan ƙauyen da kike karɓar haihuwarsu. Antinki tana gaishe ki, yara ma haka. Direban da ke kawo mana shanu ya ce ya hango ki a bakin asibitinku kin rame kin yi baƙi, kuma har yanzu sai an hau tudu waya take kamawa a can. Tunda haka ne, ga takarda ta hannunsa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun mahauci ne.

Maganar cikin nan nawa ce. Kin yi ta yi mini masifa in daina shan maganin atini in je babban asibiti. To, na je. Ba don ke ba. Akwai ranar da na yi ta barin teburi ina sheƙawa bayan gida, har Dogo, maƙwabcin teburina, ya ce in kwashe sikelina in mayar can kawai, masu saye su biyo ni. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma washegari na tafi.

Sun ce ba atini ba ne. Wai jikina ne da kansa yake yaƙar babban hanjina, shi ya sa jini da majina. Ciwon kumburin hanji, kuma ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a kwantar da shi. Suka juyar da ni gefe ɗaya, suka zura mini wani tiyo mai kyamara ta inda ba sai na faɗa miki ba. Likita ya ce in rufe ido in na ga dama. Ban rufe ba, na ƙura wa talabijin ɗin ido.

Auta, tun kafin a haife ki nake wanke hanji. Na san lafiyayye, sumul yake yana sheƙi. Nawa jawur ne, duk gyambo, ko'ina tiyon ya taɓa sai jini ya tsatso. Da a kwata ne likitan dabbobi ya ga irinsa, ko magana ba zai yi ba, nuni zai yi da sanda a yanke a jefa rami. Na faɗa wa likita haka, ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Akwai wani bincike da suke yi, wata Sista mai tabarau ta zaunar da ni ta yi mini bayani har na gaji. Suna so su gane wanne ya fi, a jira sai mara lafiya ya ce cikinsa ya tashi sannan a ƙara magani, ko a riƙa gwada bahayarsa a kama ciwon tun kafin ya ji. Na yarda, aka sa ni cikin 'yan gwajin bahaya. Duk wata zan ɗauki wata 'yar kwalba mai tsinke a murfinta, in tsoma tsinken a abin, in mayar cikin ruwan kwalbar, in rufe in kai musu. Na'ura sai ta ba da lamba. In lamba ta hau, a ƙara magani. In ta sauka ta zauna, a rage. Tawa ta farko ta wuce dubu, wai ta mai lafiya ba ta cika wuce hamsin ba. Yanzu ana ɗaura mini ruwan magani lokaci zuwa lokaci, sun kuma ba ni wasu 'yan fararen ƙwayoyi na wucin gadi, suna rage mini su a hankali har su ƙare. 'Yan fararen nan akwai aiki, jinin ya tsaya cak.

Abu ɗaya nake so ki faɗa mini tsakaninki da Allah, tunda ke kika yi karatun. Idan lambar ta ƙi sauka, me suke yi da hanjin? Na tambayi Sista, ta ce ba mu kai can ba tukuna. Wannan amsar 'yan kasuwa ce, ni ma ina ba da ita.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin shanu, na gane ta tun kafin in buɗe. Lafiyata ƙalau, ramar aiki ce, ni kaɗai ce ungozoma a nan. Ka ce wa Direba ya riƙa kallon hanya. A gaishe da Anti da yara.

Na yi dariya har da hawaye da na karanta labarin tiyo. Mutumin da ke kayar da bijimi, yau ga shi a kwance gefe ɗaya! Amma na ji daɗi ka je, na kuma ji daɗi ka shiga binciken. Ciwon nan munafuki ne, yana iya cin hanji alhali kana jin kanka garau. Kwalbar nan ita ce idonsu a cikinka, kar ka yi wasa da ita. 'Yan fararen kuma kar ka saba da su. Suna kashe kumburi da sauri, amma in aka daɗe a kansu suna ɓata jiki, suna ɓata hali. Ruwan da ake ɗaura maka shi ne maganin gaske.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. In lamba ta ƙi sauka, ana ƙara ruwan, ko a matso da lokacinsa, ko a canja wani, don ba iri ɗaya ba ne. Aikin tiyata shi ne na can ƙarshe, kuma ba mai taɓa ka sai da yardarka. Ko an kai can ɗin ma ba mutuwa ba ce. Lokacin da nake makaranta na yi jinyar wata malama da aka cire wa babban hanji, aka fito mata da bakin ƙaramin ta gefen ciki, bahaya yana zuba a wata jaka da ake mannawa a ƙarƙashin riga. Ta koma aji tana koyarwa, har ta haihu daga baya. Na kawo maka labarinta ne don hankalinka ya kwanta.

Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, ka rage faɗa da Dogo.

Autarka.

*

Auta,

Sallama. Muna lafiya.

Na karanta takardarki daga sama har ƙasa, na sake komawa. Wato kin sani tun tuni. Ke da su bakinku ɗaya, ita ta ce ba mu kai can ba, ke kuma kin fara gyara mini shimfiɗa a can ɗin. Jaka! Har da kawo mini labarin malama don ki lallashe ni, kamar yadda muke shafa wuyan sa kafin a kayar da shi.

Malamarki alli take riƙewa. Ni nama nake riƙewa, abin da mutane za su sa a baki. Wa zai sayi nama a hannun mutumin da ke rataye da jakar kashi a cikinsa? Ƙuda ɗaya ya sauka a rigata, shi ke nan an samu abin faɗa. Kwata ba a ɓoye komai, Dogo kaɗai ya isa ya kai labarin ƙarshen kasuwa kafin azahar. Teburin nan Baba ya bar mini, a kansa aka yi miki karatun da kike tsorata ni da shi. Ba zan tsaya ina kallo a farke ni kamar akuya in rasa shi ba.

'Yan fararen sun ƙare. Na kai kwalba, lamba ta sauko amma tana nan a ɗaruruwa. Sista ta gyara tabarau ta ce ba ta sauka yadda suke so ba, in ta gaba ta zo haka za a sake leƙawa da tiyo, likitoci su zauna a kaina. Na san irin wannan zaman. Likitan dabbobi ma cewa yake a ajiye wannan gefe tukuna, kuma ban taɓa ganin abin da aka ajiye gefe ya dawo teburi ba.

To ki ji abin da Yayanki ya yi, ki yi dariya. Ranar kai kwalba muka yanka wani ɗan maraƙi, mai tsoka, idonsa tar. Ni na feɗe shi da hannuna. Na zaro hanjinsa na ɗaga a rana, Auta, ko tabo babu, irin wanda nake so a ce nawa ne. Na koma bayan famfo, na tsaga can wajen ƙarshe, na tsoma tsinken, na mayar kwalba na girgiza. Ruwa ne kawai mai ɗan duhu, wa zai bambance? Lafiyayyen hanji suke so su gani, na ba su wanda babu kamarsa a garin nan. Su bar ni da ruwan maganinsu ya ci gaba da aikinsa a hankali, ba tare da an wasa mini wuƙa ba.

Wannan tsakanina da ke ne. Ko Antinki ba ta sani ba, kuma in na ji a bakin wani na san daga inda ya fito.

Yayanki.

*

Auta,

Sallama. Duk zuwan Direba sai in tare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba ki ba shi komai ba. Fushi kike yi? Ni ya kamata in yi fushi. Shi ya sa ranar da na ga kiranki ma ban ɗauka ba.

Albishirinki. Lamba ta faɗi ƙasa warwas, ko ashirin ba ta kai ba, kuma ta zauna a nan wata bayan wata. Maraƙa sun yi mini rana. Sista ta ce lambata ta fi tata kyau. Sai dai abin ya zo da wani juyi, tunda ƙa'idar binciken ta ce in ta sauka a rage, sun nisanta mini ɗaurin ruwan. Ban so haka ba, amma da wane baki zan ce kar a rage?

Jinin ya dawo, kuma ba kaɗan ba. Ni dai na san maganinsa. Na ɗauki tsohon kwalin 'yan farare na kai kemis, aka ba ni ba tambaya. Yanzu ni ke auna wa kaina, in jini ya yi gardama in ƙara. Fuskata ta ciko, kowa yana cewa na murmure. Ina ci kamar ba gobe, barci kuma ban ma buƙatarsa. Ƙarfi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba ko ina saurayi.

Shekaranjiya wani baƙin bijimi ya tsinke igiya a kwata, maza suka watse, har da masu hawa katanga. Na ɗauki barho na bi shi. Sara ɗaya na tsinke masa jijiyar ƙafar baya, ya zube yana kuka. Sai na ji hannuna ya ƙi tsayawa. Na sare shi a gadon baya, na sare shi a wuya, a fuska, jini yana fallatso mini har cikin baki, sai da mutum huɗu suka rirriƙe ni. Mai bijimin yana ta ihu an ɓata masa fata. Shugaban mahauta ya ce me ya same ni. Me ya same ni? Da na bar shi ya tattake wani, da ni za a zaga.

Mutane ne suka lalace, Auta. Wani ɗan rainin hankali ya ce sikelina yana cuta. Na shaƙo wuyan rigarsa na danna fuskarsa a kan gungumen sara, na ce ya karanta da kyau. Hancinsa ya fashe, amma shi ya jawo. A gida ma babbar 'yata ta zubar mini da shayi a ƙafa, na yi jifa da butar, Allah ya sa bango ta samu. Yanzu in na shigo duk sai su yi tsit, Antinki tana bi na da ido kamar baƙo. Wannan kallon ya fi komai tunzura ni.

Sista ta fara damuna da waya. Wai lambar ta yi kyau da yawa, tana so a sake leƙawa a ɗebi jini. Na ce mata lafiyata lau, kasuwa ce ta yi yawa. Na daina ɗaukar kiranta.

Ki ba ni amsa, ko zagi ne.

Yayanki.

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Yau takardunka biyu suka zo mini tare. Ta farkon, mai labarin maraƙi, Direba ya manta ta a tsohuwar motarsa da injinta ya buga, tana can garejin makanike duk tsawon lokacin nan, kunya ta hana shi faɗa maka. Ba fushi na yi ba. Da na gan ta a kan lokaci da abin bai kai nan ba.

Yaya, me ka yi? Na'urar nan wani abu take nema wanda hanjin mutum yake fitarwa in ya kumbura. Ba ta san na maraƙi ba, shi ya sa ta ba da kusan babu. Ba lafiyayyen hanji ka nuna musu ba, idonsu ka rufe da hannunka, su kuma suka janye maganin da ke riƙe da kai. Kuma ina ka ga na ce za a yanka ka? Cewa na yi akwai magani bayan magani kafin a kai can. Ka tsallake duk wannan ka riƙe kalma ɗaya.

Ƙarfin da kake ji ba ƙarfi ba ne. Rashin barcin, cin nan, cikar fuska, abin da ka yi wa bijimi da mutumin nan, duk 'yan fararen ne. Yayana da na sani ko kaza zai yanka sai ya ba ta ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, suna ɓoye ciwo. Hanjinka zai iya hujewa kana tsaye a teburi ba ka ji ba. Kuma kar ka yar da su rana ɗaya don na faɗa, wannan ma yana iya kashe ka, sai likita ya rage maka a hankali.

Na hau tudu na kira ka har batir ya kusa mutuwa, ba ka ɗauka ba. Sai na kira asibitin, na nemi Sista, na faɗa mata komai. Maraƙi, kemis, jini, komai. Na roƙe ta ta jira takardar nan ta riga ta isa wurinka, ta ce wannan ba abin jira ba ne, za ta neme ka ta wayar Anti. Na karya maka amana, na sani. Ka zage ni, ka yi shekara ba ka yi mini magana ba, amma ka je asibiti yau.

Ka ajiye wuƙaƙen nan a hannun shugabanku har sai an duba ka. Don Allah, Yaya.

Auta.

*

Auta ƙanwata,

Assalamu alaikum. Antinki ce. Ina rubuto miki daga kan bencin asibiti, wayata ta fashe. Yayanki yana da rai, na fara da wannan don ki iya karanta sauran. Yara suna gidan ƙanwata.

Takardarki ta iso yana ɗakin tiyata. Ni na buɗe ta, ki yafe mini. A cikinta na fara jin labarin maraƙi.

Ranar da abin ya faru ya dawo cin abincin rana, cikinsa ya kumbura har riga ta ɗame shi, yana gumi, amma ya ce ba ya jin komai. Wayata ta yi ƙara, Sista ce, ta ce in ba shi. Ina tsaye ina jin ɓangarensa. Ya ce, "Wa ya faɗa miki?" Ya sake cewa, "Na ce wa ya faɗa miki?" Sai ya buga wayar da ƙasa ya take ta da ƙafa. Ya juyo kaina.

"Ke da Auta kun haɗa baki a farke ni, ko?"

Na ce, "Baban yara, wallahi ban san me kake faɗa ba."

Ban rufe baki ba na ji mari a kunne, na faɗi a kan murhu. Ya ɗago ni da gashi ya buga kaina da ƙofa. Ina ce masa yara suna gani, yara suna gani, kamar da bango nake magana. Idonsa ba nasa ba ne, Auta. Tunda ya auro ni ko tsawa mai ƙarfi bai taɓa yi mini ba. Babbar 'yarmu ce ta rungume ƙafarsa tana ihu, ya yi wurgi da ita, ya fita. Kunnena na hagu har yanzu ba ya ji, haƙorina ɗaya ya fita.

Sauran a bakin mahauta na ji. Ya koma teburi yana huci. Dogo bai san me ke ciki ba, ya ga cikinsa a gaba, ya yi irin wasan da suka saba. Ya ce, "Kai, wata nawa ne? A aika wa ƙanwarka ta zo ta karɓi haihuwa mana!" Yayanki ya kai masa sara da barho a wuya. Dogo ya tare da hannu, wuƙar ta raba masa tafi har wuyan hannu. Yayanki ya ɗaga zai ƙara, mahauta suka rufar masa da itace da benci, suka kai shi ƙasa. Suna jiran ya tashi su ƙara masa, bai tashi ba. Da suka taɓa cikinsa suka ji shi kamar katako. A mota ɗaya aka kawo su shi da Dogo.

Likita ya ce hanjin ya huje, kuma ba dukan ba ne, ya riga ya ruɓe ya buɗe tun kafin nan, ƙwayoyin ne suka hana shi ji. Ya ce ko aiki yanzu ko gawa. Aka tambayi Yayanki, ya juya fuska bango, hawaye yana zuba, can ya gyaɗa kai. Ni na sa hannu, da auduga a kunnena. Sun cire babban hanjin duka. Jakar tana nan a gefen damansa.

Ban rubuto don ki zargi kanki ba. Likita ya ce kiranki ne ya sa suka san abin da ya sha, suka shirya masa tun kafin ya iso, in ba haka ba da ya tafi a kan teburin aiki. Amma ba zan ɓoye miki ba, 'yan uwana sun ce in tattara in dawo gida. Na ce sai ya tashi tukuna. Bayan nan ban sani ba.

Antinki.

*

Yaya,

Sallama. Ya jiki? Na nemi a turo wata ta riƙe mini aiki, har yanzu shiru, ga mata biyu a bakin haihuwa. Ban san ko kana son ganin rubutuna ba. In ba ka so, ka ba Direba takardar ya dawo mini da ita, zan gane. In kana so, ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata a duba kunnen nan da kyau, kar a bar shi.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, an sallame ni, ina gida. Ba zan dawo miki da takarda ba. Na karanta waccan ma, wadda ta zo a makare.

Suna rage mini 'yan fararen a hankali, saura kaɗan. Fuska ta saɓe, barci ya dawo. Da ya dawo ne na fara tuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma na gwammace rashin barcin.

Sista ta zo duba ni kafin in fita. Na ɗauka zagi za ta yi. Ta ce sun cire lambobina na ƙarya daga binciken, kuma daga yanzu duk wanda lambarsa ta faɗi farat ɗaya sai sun gan shi ido da ido kafin a rage masa magani. Ta ce ranar da na tambaye ta me ake yi da hanjin, da ta zauna ta amsa mini sosai. Na ce mata ko ta amsa ba lallai in ji ba.

Jakar kuwa, Auta, ba ta wari. Ba a ganinta a ƙarƙashin riga. Na je kasuwa sau ɗaya, na bi ta gaban mutane, ba wanda ya kalli cikina. Hannuna suke kallo. An ɗaure teburina da igiya an kife gungumen a kai, shugaba ya ce kar in sake riƙe wuƙa a kwatar nan, maganar kuma tana wurin hukuma. Dogo yana zaune a bayan nasa teburin, ɗan uwansa ne ke yi masa yanka, don yatsunsa uku ba sa lanƙwasuwa kuma an ce ba za su dawo ba. Na je na tsaya a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Wasa fa nake yi maka." Ya kau da kai.

Likita ya ce ƙwayar ce, ba ni ba ne. Kowa yana faɗa mini haka don in ji sanyi. Amma ƙwaya ba ta da hannu, kuma ba ita ta je kemis ba.

Antinki ba ta tafi ba tukuna. Ita ke canja mini jakar, don har yanzu ban iya da kaina ba. Jiya da hantsi tana durƙushe a gabana tana yanka bakin sabuwar da almakashi, sai ƙuda ya sauka a kafaɗarta. Na ɗaga hannu in kore shi. Ta saki komai, ta dunƙule, ta rufe kanta da hannu biyu. Na sauke hannun a hankali. Can ta ɗago ta ce, "Yi haƙuri." Ita ce ta ce mini in yi haƙuri, Auta. Ta ɗauki almakashin ta ƙarasa aikinta. Tun daga nan in ta shigo ɗaki sai in tura hannayena ƙarƙashin cinyata in zauna a kansu.

In kin samu mai riƙe miki aiki ki zo. Ba don ni ba. Tana buƙatar wanda za ta zauna kusa da shi ba tare da tana kallon hannunsa ba.

Yayanki.